Fom Ɗin da Ya Kori Masu Makoki

Akwai wani saurayi a Kumasi mai suna Amoateng, wanda duk unguwar Asafo ta san shi da abu biyu: iya gina shafin intanet, da rashin iya zama.

In ya shigo wuri, a tsaye yake magana. In an miƙo masa ruwa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Bar shi, sauri nake." Kafin ka kai rabin matsalarka ya riga ya gaya maka maganinta. Sau da yawa kuma yakan dace, dacewar nan ce ta kumbura masa kai.

Shekara biyu ke nan yana son Oforiwaa, autar Maame Pokuaa mai buga anko a bayan tashar Asafo. Maame tana buga na biki da na suna, amma abin da ya riƙe shagon shi ne ankon jana'iza. Dangi su kawo hoton mamaci da sunansa, ta zaɓa musu launi, ran Asabar ka ga mutum ɗari uku sanye da fuska ɗaya.

Oforiwaa ce ke zama a lungun shagon gaban kwamfuta. Takan soke fensir a gashinta ta manta, ta yi ta nemansa a kan tebur. Ran farko da Amoateng ya ga haka, ya tsaya yana kallonta har ya manta abin da ya kawo shi.

Abu ɗaya ya rage musu: kawunnansa su zo su ƙwanƙwasa ƙofa, su nemi aurenta. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai Maame ta ba da rana. Sau uku yana aika Oforiwaa, sau uku amsa ɗaya ce ke dawowa:

"Ina kallonsa tukuna."

"Kallon me kuma?" in ji shi. "Ina da sana'a, ina da ɗaki biyu, ba na sha. Me ya rage ba ta gani ba?"

"Je ka tambaye ta mana," in ji Oforiwaa.

Bai je ba.

To, shagon yana da shafin intanet da wani ya gina musu tun shekarun baya. A ciki akwai fom na aiko saƙo, mai gurbi uku kacal: suna, imel, da abin da ke tafe da kai. Fom ɗin nan ya zama wa Oforiwaa ciwon kai. Kullum da safe sai ta tarar da saƙo sama da ɗari. Mai tallar maganin ƙarfi, mai cewa ta ci caca a ƙasar da ba ta taɓa jin sunanta ba, mai kuka cewa ubansa ya mutu ya bar zinariya ba ya da inda zai ajiye. Saƙon gaske biyu ko uku ne, binne a tsakiya.

Wata Talata Amoateng ya shigo ya same ta ta dafe kai.

"Maame," in ji ta, "yau ma wani attajiri ya mutu ya bar mini gado."

Maame tana auna yadi, ba ta ko ɗago ba. "Ki ce su kawo hotonsa mu buga masa anko."

"Na gaji, wallahi na gaji. Awa biyu ina tsintar saƙo kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Jiya saura kaɗan in goge na matar nan ta unguwar Tafo."

Amoateng ya leƙa ta kafaɗarta, ya yi dariya. Nan take ya ga hanyar da zai sa Maame ta daina kallo ta ba da rana.

"Wannan ce matsalar? Ku ba ni yamma ɗaya."

Maame ta nuna masa benci da haɓa. "Zauna, ɗana. Oforiwaa, kawo masa ruwa."

"Bar shi, Maame, sauri nake."

"Ka san su wa ke rubuto mana?"

"Maame, fom ai fom ne. Na gyara na otal, na gyara na makarantu. Wannan wasan yara ne."

Oforiwaa ta juyo masa da fuskar kwamfutar. "Ka karanta goma kawai daga na gasken. Goma. Ka ga yadda mutanenmu ke rubutu."

"Ba sai na karanta ba, na san irinsu."

Maame ta dube shi ta saman tabarau, ta ci gaba da awonta.

A yammar ya yi aikin, kamar yadda ya ce. Ya jera kalmomin da 'yan damfara suka fi so: marigayi, gaggawa, ƙasar waje, zan turo kuɗi, Allah ya albarkace ki. Duk saƙon da ke ɗauke da biyu daga cikinsu, ya haƙa masa rami a bayan shafin, can zai faɗa ba wanda zai gani. Duk saƙon da ya wuce layi biyar, shi ma rami. Ya ƙara gurbin lambar gida da sunan titi, ya ce dole ne. Sannan ya sa waɗannan karkatattun haruffa da ake cewa mutum ya kwafa don a tabbatar ba inji ba ne.

Ya gwada da kansa. Ya rubuta "gwaji, gwaji", saƙo ya shiga lafiya lau.

Washegari Oforiwaa ta buɗe akwatin saƙo, wayam. Ba attajiri, ba caca. Ta yi tsalle ta kira shi, ya ji daɗin muryarta har ya manta ya tsallake titi.

Sati ɗaya shiru. Ya riƙa shigowa shagon yana kaɗa makullin babur, yana satar kallon Maame ko za ta ce wani abu. Ba ta ce ba.

Sati na biyu Oforiwaa ta fara tsarguwa.

"Amoateng, shirun nan ya yi yawa."

"Da kin ce hayaniya ta yi yawa. Yanzu kuma shiru. Ke wai me kike so?"

"Saƙo ɗaya tak ya shigo tun ran nan, shi ma naka ne. Mutane fa ba su daina mutuwa a Kumasi ba."

"Wataƙila sun rage."

"Kai dai! Jiya wani tsohon malamin makaranta ya zo da ƙafarsa yana faɗa. Ya ce fom ya ƙi karɓarsa sai ya sa lambar gida. Ya ce shekara arba'in yana zaune a bayan coci mai jan rufi, kusa da mai sayar da tuwon kenke, bai taɓa ganin lamba ba. Haruffan nan kuma ya kwafa sau shida, har ya ɗauka idonsa ne ya mutu."

"Sai mutane su waye. Ba zan lalata aiki mai kyau saboda mai kenke ba."

"Ka dai duba."

"Na gwada da hannuna, Oforiwaa. Lafiyarsa ƙalau."

Ta zare fensir daga gashinta ta jefar a tebur. Ya lura a ranar ba ta nema ba, ta san inda yake. Bai fahimci cewa wannan alamar fushi ba ce.

A sati na uku Maame ta dawo daga kasuwa ba ta sayo komai ba. Ta zauna a kan bencin baƙi, abin da ba ta taɓa yi ba. A bangon tasha ta ga takardar sanarwar rasuwa, da hoton Frimpomaa.

Frimpomaa ƙawarta ce tun suna 'yan mata, suna tallar yadi a ka a kasuwar Kejetia. Shekara talatin da suka wuce ta tafi Jamus, ta haifi 'yarta a can. Duk zuwan da za ta yi gida, a shagon nan take sauke jakarta. Sun yi alkawari tun da daɗewa, rabi wasa rabi gaske: duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta tufatar da mutanenta.

"Ba wanda ya gaya mini," Maame ke ta maimaitawa. "A bango zan gani? Ni?"

Ran Alhamis aka yi zaman makokin farko a gidan dangi a Bantama, inda ake sanar da ranar jana'iza. Amoateng ya yafa baƙin zane ya raka su, a ransa yana cewa yau Maame za ta ga suruki na gari.

Sun bi layi suna gaisawa daga dama zuwa hagu. Da suka iso gaban wata budurwa mai kama da hoton, Maame ta riƙe hannunta da hannu biyu.

"Konadu ce? 'Yata, ni ce Pokuaa."

Budurwar ba ta zare hannunta ba, amma ba ta riƙe ba.

"Ke ce? Sau uku na rubuto miki, Maame. Wayar mamata a kulle take, ba mu san lambar buɗewa ba. Sunan shagonki kawai na sani, don shi ta yi ta faɗa a asibiti. Na nemo shafinku, na rubuto. Sau uku."

Matan da ke kusa suka yi tsit, irin tsit ɗin da ake yi don a ji da kyau.

Opanyin Boadu, babban dangin, ya gyara zanensa ya ce, "Mun jira, Pokuaa. Da muka ji shiru, mun ba wani a Adum. Mun ɗauka aiki ya yi miki yawa, ba ki da lokacin tsofaffin ƙawaye."

Maame ta saki hannun budurwar. Ta zauna har aka tashi, bayanta a miƙe. Amoateng kuwa ya ji zanen da ke kafaɗarsa ya yi masa nauyi kamar an jiƙa shi.

Suka koma a motar haya. Suna shiga shago Maame ta nuna kwamfuta.

"Buɗe mini inda kake zuba su."

Ya buɗe ramin. Saƙo dubu biyu da wani abu. Ya rubuta sunan Konadu, guda uku suka fito. Oforiwaa ta karanta na farko da ƙarfi:

"Maame Pokuaa, ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida iyalinki. Ba ki san ni sosai ba. Ni 'yar marigayiya Frimpomaa ce, ina rubuto miki daga ƙasar waje. Maganar ta gaggawa ce. Mamata ta ce ke za ki yi mata anko, ba wani ba. Ki faɗi abin da ake bukata zan turo kuɗi. Allah ya albarkace ki."

Kalmominsa biyar, duk suna ciki. Ko ɗaya ba ta tsallake ba.

Na ukun gajere ne. "Maame, ko laifi mamata ta yi miki?" Wannan ya faɗa ramin ne saboda ta sake cewa marigayiya da gaggawa a ƙarshe.

Maame ta cire tabarau ta ajiye a hankali.

"Amoateng, me nake sayarwa a nan?"

"Anko, Maame."

"Na su wa?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Na matattu! Matattu ne sana'ata! Ka shigo shagon mai ankon jana'iza ka hana kalmar marigayi shiga? Wa kake so ya rubuto mini, wanda ubansa ke raye yana cin fufu? Rabin masu binne iyayensu a garin nan a waje suke. Kowanne cikinsu sauri yake. Kowanne sai ya gaishe ni, ya gaida gidana, ya sa mini albarka kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, don an yi masa tarbiyya. Kai kuma ka tsaya a ƙofata kana korar duk mai tarbiyya!"

Da ya yi shiru a nan, da ya fi masa. Amma bakinsa ya riga hankalinsa.

"Maame, ai ba laifin fom ba ne. Mutanenku ne ke rubutu kamar 'yan damfara."

Oforiwaa ta juyo ta dube shi.

"'Yan damfara ne ke rubutu kamar mutanenmu, Amoateng. A wajenmu suka koya. Da ka karanta goman nan da ka gani."

Maame ta mayar da tabaraunta. "Maganar ranar nan da kake ta aiko ta, ka ajiye. Na gama kallo."

Kwana huɗu ya yi a ɗakinsa yana karanta ramin, saƙo bayan saƙo. Wanda ya ƙi karanta goma, ga shi yana karanta dubu biyu. Ya sha tallar magani har ya haddace farashi. Ya yi tsaki har harshensa ya gaji.

A tsakiyar tarkacen ya tsinci mutum ashirin da bakwai. Wata mata da ta rasa tagwayenta. Wani direba da ya yi layi tara yana gaisuwa kafin ya iya rubuta cewa matarsa ce. Wani da ya rubuta "bayan gidan mai, ka tambayi gidan mai akuya uku" a gurbin lambar gida. Waɗanda suka bar lambar waya a cikin saƙonsu, ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun zage shi, wasu sun kashe waya. Direban ya ce, "Ba komai, ɗan'uwa, mun binne ta da abin da muka samu." Wannan ta fi zagin yi masa ciwo.

Rana ta biyar ya buga saƙonnin Konadu uku a takarda, ya hau babur zuwa Bantama shi kaɗai.

Opanyin Boadu na zaune a tsakar gida. Ya nuna masa kujera. Amoateng ya buɗe baki zai ce sauri yake, sai ya haɗiye, ya zauna. Aka kawo ruwa, ya sha. Tsohon ya bar shi ya ajiye kofin, sannan ya yi masa tambayar da ake yi wa kowane baƙo bayan ya zauna ya sha ruwa.

"Amannee? Me ke tafe da kai?"

Ya faɗa duka, bai rage ba. Ya ce Maame ba ta taɓa ganin saƙon ba. Ya ce shi ne ya haƙa ramin, an kuma gargaɗe shi sau biyu ya ƙi ji.

Tsohon ya juya takardun, ya kira Konadu ta zo ta ji.

"Tsaya in gane," in ji shi. "Wato injinka in ya ji an ce Allah ya yi albarka, sai ya ce ɓarawo ne?"

"Haka ne, Nana," in ji Amoateng, yana kiransa yadda ake kiran dattawa a can.

"In kuma mutum bai gaisa ba, bai sa albarka ba, ya faɗo magana kamar an jefo shi?"

"Sai ya wuce, Nana."

"Lallai kai ka haifi injin nan. Kamarku ɗaya."

Konadu ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata, daga nan kuma ta koma kuka. Da ta share ido ta ce, "Sati uku ina jin haushin matar da mamata ta fi so."

Opanyin Boadu ya ce ankon Asabar ya riga ya tafi, ba a karɓe aiki daga hannun wanda ya fara. Amma na Lahadi, baƙi da fari na zuwa coci godiya, ba a ba kowa ba tukuna.

"Ka ce wa Pokuaa gobe zan zo da kaina. Kai kuma, ka rage gudu."

Maame ta karɓi aikin, ta kuma karɓi haƙurin da dangin suka ba ta. Amoateng kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa har ta gama sallamar baƙi.

"Maame, ina roƙon abu ɗaya. Ki bar ni in zauna a bencin can sati ɗaya. Ba zan yi magana ba."

"Kai? Zama? Oforiwaa, duba mini ko bencin nan yana da ƙusa, kada ya ce ita ta tashe shi."

Amma ba ta hana ba.

Ranar farko ta yi masa tsawo kamar shekara. Ƙafarsa na ta rawa. Sau uku ya san amsar abin da baƙo ke tambaya, sau uku ya cije leɓe. Da ya yi motsi Maame za ta ce, "Benci na magana ne?"

Rana ta biyu ya fara gani. Duk wanda ya shigo, Maame sai ta zaunar da shi, a ba shi ruwa, ta ce amannee. Ta bar shi ya yi gaisuwarsa har ya ƙoshi, wani ma ya yi kukansa. Sannan ta yi tambayoyinta, kullum su ne, kullum a jere. Rasuwa ce, ko biki, ko suna? Shekarun mamacin nawa, don tsoho fari ake yi masa, yaro kuwa ja da baƙi. An sa rana? Mutum nawa za su sa? Wa ke magana da yawun dangi, don kada ƙane ya zaɓi launi yaya ya zo ya rushe? A ƙarshe ta ce, "Kwatanta mini gidan."

Ba ta taɓa tambayar lambar gida ba. Ba ta taɓa ɓata hanya ba.

Ya ga ashe fom ɗin da yake ta fankama zai gina, shekara talatin yana zaune a shagon nan da tabarau a hanci.

Ran Juma'a ya rushe nasa gaba ɗaya. Sabon ya fara da kalma ɗaya a sama, Amannee, sai zaɓi a ƙasa: rasuwa, biki, suna, ko wata magana. Wanda ya taɓa rasuwa, sai ta'aziyya ta fara fito masa, sannan tambayoyin Maame su biyo a jerensu. Lambar waya ta maye gurbin imel. Gurbin gida ya zama fili mai faɗi: kwatanta mana. Gurbin saƙo kuma ba iyaka, a samansa an rubuta: gaisa yadda kake so, muna ji. In ka aika, sai a ce maka Oforiwaa za ta kira ka kafin gobe da rana.

"To 'yan gadon nawa fa?" in ji Oforiwaa. Ita ce maganar farko da ta yi masa a sati biyu.

"Na ajiye musu wata kujera da idon mutum ba ya gani. Inji ne kaɗai ke ganinta, kuma ba ya iya wuce gurbi bai cika ba. Duk wanda ya zauna a kanta, mun san ba mutum ba ne. Sannan duk wanda ya cika fom ɗin nan cikin daƙiƙa uku, shi ma ba mutum ba ne."

Maame ta ce daga bayan yadi, "Ashe kai ma da ya kore ka."

"Da ya kore ni, Maame. Amma yanzu ba rami. Wanda aka yi shakkarsa kwando zai shiga, Oforiwaa ta leƙa kullum kafin a tashi."

"Ka gwada?"

"A'a. Ke za ki gwada."

Maame ta goge hannu, ta zauna gaban kwamfuta, ta fara da yatsa ɗaya. Ta gaida shagon. Ta gaida mai shagon, wato kanta. Ta gaida 'yar mai shagon. Ta nemi harafi ɗaya har ta kusa minti guda, alhali yana ƙarƙashin yatsanta. Amoateng na tsaye a bayanta, hannunsa na ƙaiƙayi, gumi na bin wuyansa. Oforiwaa na kallonsa, shi kuma ya san tana kallonsa.

Minti ashirin da biyar. Bai ce ga shi nan ba. Bai taɓa komai ba.

Maame ta danna aikawa. Wayar Oforiwaa ta yi ƙara. Saƙon ya iso da gaisuwarsa, da marigayinsa, da albarkarsa, ba abin da ya ragu.

"Hm," in ji Maame. Ta tashi ta koma kan yadinta.

A satin da ya biyo, saƙon gaske tara suka shigo, kowanne da amsoshinsa a jere, har Oforiwaa kan san launin kafin ta kira. Attajirai biyu ne kawai suka mutu, su ma a kwando.

Ran Lahadin jana'iza, coci ta cika da baƙi da fari. Maame ba ta sa hoton da aka manna a bango ba. Ta buga wa ankon wani tsohon hoto da ta ciro daga akwatinta, Frimpomaa tana budurwa, da ɗaurin yadi a ka, tana dariya. Konadu ta rungume ta a bakin coci ta ƙi saki.

Ran Litinin da hantsi Amoateng ya zo shagon. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba sai da aka ce ya shigo.

Maame ba ta nuna masa benci ba. Ta nuna masa kujerar da ke gabanta, ta manyan baƙi.

"Zauna."

Ya zauna.

"Oforiwaa, ruwa."

Ta kawo. Da ta miƙa masa, yatsunsu suka haɗu a jikin kofin, fensir na nan soke a gashinta ta manta da shi. Ya shanye ruwan tas, a hankali, ya ajiye kofin.

Maame ta haɗa hannuwanta a cinya. Shekara biyu yana shiga shagon nan, ba ta taɓa yi masa tambayar ba, don bai taɓa zama an kai wurin ba.

"Amannee?"

Ya gaishe ta. Ya gaida gidanta. Ya tambayi ƙafarta da ke ciwo. Ya yi mata ta'aziyyar ƙawarta. Ya fi layi biyar nesa ba kusa ba. Sannan ya ce kawunnansa na neman izinin zuwa su ƙwanƙwasa ƙofa.

Maame ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe.

"Ba Asabar ba," ta ce. "Asabar ta matattu ce. Su zo Lahadi bayan coci. In sun tambayi lambar gida, ka kwatanta musu."

Darasi: Kada ka gyara wa mutane ƙofa kafin ka zauna ka ga su wa ke shigowa ta cikinta. Iya aiki ba ya amfani in girman kai ya hana ka sauraron masu wurin, kuma wanda ya yi gaggawar korar mugu ba tare da ya san na kirki ba, na kirkin zai fara kora. In kuma ka yi kuskure, ka je da ƙafarka ka amsa, ka zauna ka koya. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san ba ya bari a gama magana, ko Allah zai sa ya karanta har ƙarshe.